BIRNIN DA BA A RUFE ƘOFOFINSA

Nassin nazari: Ru'ya ta Yohanna 21:1 zuwa 22:5. A karanta tare da Ishaya 65:17-25 da Romawa 8:18-25.

GABATARWA



Surori biyu na ƙarshe na Littafi Mai Tsarki, watau Ru'ya ta Yohanna sura 21 da 22, yawancinmu a wurin jana'iza muka fi jin su. Sa'ad da aka ajiye akwati a gaban majami'a, mai wa'azi yakan buɗe wurin da aka yi alkawarin share hawaye, mawaƙa su raira waƙar zuwa gida, sa'an nan a rufe wurin sai kuma wata rasuwa ta auku. Babu laifi cikin wannan, gama ta'aziyya tana cikin dalilan da suka sa aka ba mu nassin. Amma idan iyakar amfaninsa ke nan a gare mu, mun zama kamar mutumin da aka ba shi rumbu cike da dawa, shi kuwa mudu ɗaya kaɗai yake ɗiba a shekara.

Waɗansu masu bi tsoron littafin suke yi ɗungum saboda dabbobi da ƙahoni da lambobin da ke cikinsa. Waɗansu kuma sun mai da shi allon lissafin ranar dawowar Ubangiji. A wannan nazari ina so mu riƙe gaskiya guda ɗaya: birnin da aka nuna wa Yohanna saukowa yake yi daga wurin Allah, domin Allah ya zauna tare da mutanensa a duniyar da ya sabunta. Duk wanda ya gane wannan, zai sāke yadda yake makoki, da yadda yake riƙe fartanya, da yadda yake duban maƙwabcinsa na wata kabila.

1. WAƊANDA AKA FARA RUBUTA WA

Yohanna ya ga wannan wahayi a Batmusa, wani ɗan tsibiri mai duwatsu da ke kusa da gaɓar yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, ko da yake yanzu yana ƙarƙashin ƙasar Girka. Shi da kansa ya faɗa cewa saboda maganar Allah da shaidar Yesu ne ya sami kansa a can (1:9). Ireniyus, wanda ya yi bishop a birnin Liyon a ƙarni na biyu, ya rubuta cewa an ga wahayin ne kusa da ƙarshen sarautar Domishiyan, sarkin Roma da ya yi mulki daga shekara ta 81 zuwa ta 96 bayan haihuwar Kristi. Saboda haka masana da yawa suna sa rubutun littafin wajen shekara ta 95.

Ikilisiyoyi bakwai aka aika wa littafin: Afisa, Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadelfiya da Lawudikiya. Masu bi na Samirna matalauta ne, kurkuku kuma yana jiran waɗansunsu (2:9-10). A Birgamas, inda aka gina haikalin girmama sarkin Roma tun shekara ta 29 kafin haihuwar Kristi, an riga an kashe Antibas saboda bangaskiyarsa (2:13). Na Lawudikiya kuwa wadata ce ta sanyaya su. Ban da haka, Urushalima ta duniya tana kwance kufai tun shekara ta 70, sa'ad da sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka rushe ta, suka ƙone Haikali. Idan mai bi na wancan zamani ya ji sunan Urushalima, toka da tarin duwatsu ne ke zuwa masa a rai.

Ga irin waɗannan mutane ne aka nuna birane biyu cikin siffar mata biyu. Ta fari ita ce Babila karuwa, wadda take zaune bisa tuddai bakwai (17:9). Masu karatu na fari sun san cewa Roma ce birni mai tuddai bakwai. Ta biyu ita ce Sabuwar Urushalima, amaryar Ɗan Rago. Ku lura da jerin kayan cinikin Babila a 18:12-13. Da zinariya jerin ya fara, da rayukan mutane kuma ya ƙare. A kasuwar Babila zinariya ce a gaba, mutum shi ne a can baya. A Sabuwar Urushalima kuwa zinariya ta zama daɓen titi, ana taka ta da ƙafa, mutum kuma yana tsaye gaban kursiyin Allah. Kowace al'umma, da kowace ikilisiya, da kowane gida, za a iya auna su da wannan ma'auni: me aka sa a gaba, kuɗi ko ran mutum?

2. BIRNIN SAUKOWA YAKE YI

Sau uku littafin ya faɗi cewa birnin yana saukowa daga sama daga wurin Allah (3:12, 21:2, 21:10). Abin da Ruhu ya maimaita har sau uku bai kamata mu wuce shi da sauri ba.

Da tsohuwar zuma ake magani, saboda haka bari mu koma Littafin Farawa. Birni na fari da nassi ya ambata Kayinu ne ya gina shi, bayan ya kashe ɗan'uwansa ya fita daga gaban Ubangiji (Farawa 4:17). A sura 11 mutane suka haɗa kai su gina birni da hasumiya mai kaiwa sama, domin su yi wa kansu suna. Ƙarshen wannan aiki rikicewar harshe ne da warwatsuwa. Nan da nan a sura 12 Allah ya kira Ibrahim ya bar ƙasarsa. Ibrahim ya ƙare kwanakinsa cikin alfarwa, marubucin Ibraniyawa kuwa ya bayyana mana dalili: yana sauraron birni mai tushe wanda Allah ne ya tsara shi, shi ne kuma maginin (Ibraniyawa 11:10). Ɗan adam ya yi ƙoƙarin hawa da tubalinsa, ya kāsa. Birnin Allah kyauta ne, daga sama yake zuwa.

Tun daga farko haka Allah yake yi da mu. Ya zo yana yawo a gonar Adnin da sanyin yamma (Farawa 3:8). Ya umarci Musa ya yi alfarwa domin ya zauna a tsakiyar Isra'ila (Fitowa 25:8). Ɗaukakarsa ta cika Haikalin Sulemanu har firistoci suka kāsa tsayawa su yi hidima (1 Sarakuna 8:10-11). Da lokaci ya cika, Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Kalmar Helenanci da aka fassara da zama a Yohanna 1:14 tushenta ɗaya ne da kalmar alfarwa, ita ce kuma muke samu a Ru'ya ta Yohanna 21:3, inda murya daga kursiyin ta yi shelar cewa mazaunin Allah yana tare da mutane. Abin da aka fara a gona, aka kwatanta a alfarwa, aka bayyana cikin Kristi, a wannan birni ne zai cika.

To, ina matsayin 'yan'uwanmu da suka riga mu barci cikin Ubangiji? Nassi ya tabbatar mana suna tare da Kristi, wannan kuwa ya fi zaman nan kyau nesa (Filibiyawa 1:23, Luka 23:43). Amma su ma suna jira. Matafiyi yakan sauka a zango ya huta, ya sha ruwa, ya sami inuwa, duk da haka zango ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Ƙarshen tafiyarmu shi ne tashin jiki daga matattu da zama tare da Allah a sabuwar duniya. Shi ya sa ikilisiya tun zamanin dā take furta cikin shaidar bangaskiyarta cewa ta gaskata da tashin jiki.

3. DUNIYAR DA AKA SABUNTA

Yohanna ya ga sabuwar sama da sabuwar duniya. Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci, watau kainos, ta fi nuna abin da ya zama sabo cikin hali da kamanni. Da ita Bulus ya kira mai bi sabuwar halitta a 2 Korintiyawa 5:17. Sa'ad da mashayi ya tuba, matarsa takan gane fuskarsa da muryarsa, amma takan shaida cewa wani sabon mutum ne yake shigowa gidan.

Babban misalinmu shi ne jikin Ubangiji Yesu. Kabarin ya zama wofi domin jikin da aka binne shi ne ya tashi. Almajirai sun ga gurbin ƙusoshi (Yohanna 20:27), ya kuma ci gasasshen kifi a gabansu (Luka 24:41-43). Duk da haka mutuwa ba ta da sauran iko a kansa. Abin da Uba ya yi wa jikin Ɗansa ranar tashi, shi ne zai yi wa jikunanmu, shi ne kuma zai yi wa dukan halitta. Bulus ya ce halitta tana nishi kamar mace mai naƙuda, tana jiran a 'yanta ta daga bautar ruɓa (Romawa 8:19-22). Kowace uwa da ke karanta wannan ta san cewa nishin naƙuda dabam yake da nishin mai baƙin mutuwa. Ƙarshensa kukan jariri ne da guɗa.

Wani zai ce, ai Bitrus ya yi maganar wuta da za ta narkar da kome. Gaskiya ne (2 Bitrus 3:10-13). Masu nazarin Littafi Mai Tsarki sun daɗe suna tattauna wannan wuri. Waɗansu sun fahimta cewa za a shafe tsohuwar duniya sarai a halicci wata, waɗansu kuwa sun ce tsarkake ta za a yi. Abin lura shi ne, a wannan sura Bitrus ya gwada wutar da ruwan tsufana na zamanin Nuhu. Ruwan ya hallaka duniyar mugunta, amma da Nuhu ya fito daga jirgi a kan ƙasa ya sa ƙafarsa, ya kuma yi noma. Maƙerin farfaru yakan sa zinariya a wuta domin dattin ya fita, zinariyar ta fito da haskenta. Ko wace fahimta mutum ya bi, dukan ɓangarorin sun yarda cewa abin da ke jiranmu duniya ce ta ainihi, inda adalci zai zauna daram.

Annabi Ishaya ya kwatanta wannan zama da harshen da kowane manomi zai gane. Mutane za su gina gidaje su zauna a cikinsu da kansu. Za su yi shuka su ci amfaninta da bakinsu. Ba za a ƙara yin wahala a banza ba, ba kuwa za a haifi 'ya'ya domin masifa ba (Ishaya 65:21-23). A cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda suka yi shekaru suna tara kuɗin kwano da siminti, aka ƙone gidan cikin dare ɗaya. Akwai waɗanda suka yi huɗa, suka yi noman fari da maimai, amma da kaka ta zo tsoro ya hana su zuwa girbi. Akwai waɗanda suke kwana a ajin makaranta ko a harabar majami'a domin garinsu ba ya shiguwa. Ya ɗan'uwana, Allah ya ga gidan nan, ya ga gonar nan. Alkawarin da ya yi ya taɓa daidai wurin da ke yi maka ciwo.

An kuma ce babu sauran teku. A cikin wannan littafi daga teku ne dabbar nan mai saɓo ta fito (13:1), teku ne kuma ya raba Yohanna da ikilisiyoyin da yake ƙauna. Maɓuɓɓugar hargitsi za ta ƙafe, rabuwa kuma za ta ƙare.

4. AWON BIRNIN

Mala'ika ya auna birnin da sandan zinariya, ya sami sitadiya 12,000 bisa ga awon Helenawa, watau wajen kilomita 2,200. Wannan ya fi tafiyar mota daga Legas zuwa Maiduguri nisa. Fili mai wannan tsawo da wannan fāɗi ya ninka ƙasar Nijeriya fiye da sau biyar. Ganuwar kuwa kamu 144 ce, watau 12 sau 12. Lamba 12 ita ce lambar jama'ar Allah, kabilai 12 da manzanni 12. Saƙon awon a fili yake: akwai wuri domin dukan waɗanda aka fansa, ba wanda zai rasa masauki.

Amma akwai abin da ya fi girman muhimmanci. An ce tsawon birnin da fāɗinsa da tsayinsa daidai suke (21:16). Bayahuden da ya san nassi zai tuna nan take da wani ɗaki mai irin wannan siffa, watau Wuri Mafi Tsarki a Haikalin Sulemanu, wanda tsawonsa da fāɗinsa da tsayinsa duk kamu 20 ne (1 Sarakuna 6:20). Mutum ɗaya kaɗai yake shiga wannan ɗaki, shi ne babban firist, sau ɗaya tak a shekara, da jinin hadaya a hannunsa (Littafin Firistoci 16). Yanzu birnin gaba ɗaya ya zama Wuri Mafi Tsarki. Shi ya sa Yohanna ya duba bai ga haikali ba, gama Ubangiji Allah da Ɗan Ragon su ne haikalinsa. Duwatsu 12 masu daraja na harsashin ginin suna tuna mana da duwatsu 12 na ƙyallen ƙirjin babban firist (Fitowa 28:17-21). A goshin Haruna kaɗai aka ɗaura allon zinariya mai ɗauke da sunan Ubangiji (Fitowa 28:36-38), amma a wannan birni sunan yana goshin kowane bawan Allah. Tsohuwar da take share majami'a kowace Asabar za ta tsaya inda babban firist kaɗai yake tsayawa a dā.

Musa ya roƙa ya ga ɗaukakar Allah, aka gaya masa mutum ba ya ganin fuskar Allah ya rayu (Fitowa 33:20). A Ru'ya ta Yohanna 22:4 an yi wa bayin Allah alkawarin ganin wannan fuska. Yau da ji muke tafiya, muna ji a wa'azi, muna ji a waƙa. Ran nan gani zai kori ji. Wannan shi ne daɗin birnin. Idan aka ɗauke Ɗan Ragon daga cikinsa, titin zinariya da ƙofofin lu'ulu'u ba su fi kasuwar Babila da kome ba.

A nan ya wajaba a yi gargaɗi. An ba mu lambobin nan domin ƙarfafa bangaskiya, amma a kowane zamani akan sami masu mai da su abin duba. A ƙarni na biyu mabiyan Montanus a ƙasar Firijiya sun sa rai Sabuwar Urushalima za ta sauka a wani ƙaramin gari mai suna Pepuza. A zamaninmu wani mai wa'azin rediyo a Amurka, Harold Camping, ya yi shelar cewa ranar 21 ga Mayu 2011 ce ranar shari'a, har waɗansu suka bar ayyukansu suka kashe ajiyarsu a kan yaɗa sanarwar. Ranar ta zo ta wuce. Ubangiji ya riga ya faɗa cewa sanin ranar nan yana hannun Uba kaɗai (Matiyu 24:36, Ayyukan Manzanni 1:7). Duk wanda ya zo maka da kwanan wata, ko da wane irin muƙami yake taƙama, kada ka bi shi.

5. GANUWA DA ƘOFOFI

A harshen Hausa asalin ma'anar birni shi ne gari mai ganuwa. Tsofaffin birane irin su Kano da Katsina da Zariya an kewaye su da ganuwa mai ƙofofi, kowace ƙofa da mai tsaronta, da dare kuma akan rufe saboda mahara. Haka biranen zamanin Yohanna suke. Ganuwa shaida ce cewa akwai abin tsoro a waje. Sabuwar Urushalima tana da ganuwa mai tsayi, amma ba a rufe ƙofofinta, gama dare ba ya yi a can (21:25). Mu da muka san dokar hana fita, muka san kwana da kunne ɗaya a buɗe, muka san yadda zuciya take faɗuwa idan kare ya yi haushi da tsakar dare, mun fi kowa sanin darajar wannan alkawari. Hausawa sun ce kome nisan dare gari zai waye. Wannan wayewar gari ce da magariba ba ta biye da ita.

Ƙofofin 12 ne, uku suna duban gabas, uku arewa, uku kudu, uku yamma. Ko daga wace kusurwa mutum ya fito, akwai ƙofa a gabansa. Al'ummai za su yi tafiya cikin hasken birnin, sarakuna kuma su kawo darajarsu a ciki (21:24-26), kamar yadda aka nuna wa Ishaya a sura 60. Taron da Yohanna ya gani a 7:9 ya fito ne daga kowace kabila da kowane harshe. Allah bai shafe bambancin harsunanmu ba, ya tsarkake su ne domin yabonsa.

Kogin ruwan rai yana fitowa daga kursiyin, itacen rai kuma yana gefensa. Wannan itace shi ne wanda kerubobi da takobin wuta suka tsare hanyarsa bayan faɗuwar Adamu (Farawa 3:24). Yanzu yana tsakiyar gari, yana ba da 'ya'ya kowane wata. Annabi Ezekiyel ya ga itatuwan bakin kogi waɗanda ganyayensu na magani ne (Ezekiyel 47:12). Yohanna ya ƙara mana bayani cewa al'ummai ne za a warkar da ganyayen (22:2). Akwai raunukan da ke tsakanin kabila da kabila waɗanda kakanni suka bar wa jikoki, ba kwamitin sulhu da ya iya rufe su. Allah ya tanadi maganinsu.

Bari mu tambayi kanmu da gaskiya. A ƙasarmu mun san takardar shaidar zama ɗan asalin wuri, mun san yadda akan ce da mutumin da aka haife shi a gari, aka haifi ubansa a garin, wai har yanzu baƙo ne. Abin baƙin ciki shi ne wannan ruhu ya bi mu har cikin majami'a. Idan lokacin zaɓen dattawa ya zo, sai a fara ƙidayar 'yan yarenmu. Idan aka turo fasto, kafin a ji wa'azinsa an riga an tambayi daga ina ya fito. A ƙofar birnin Allah littafi ɗaya za a buɗe, shi ne littafin rai na Ɗan Ragon (21:27), ba a kuwa rubuta sunaye a cikinsa bisa ga ƙaramar hukuma ba. Mutumin da ba ka iya zama da shi a benci ɗaya na sa'a biyu ranar Lahadi, yaya za ka yi da maƙwabtakarsa ta har abada?

6. WANE NE ZAI SHIGA?

Ƙofa a buɗe take, amma ba kowane abu ne zai ratsa ta ba. Sura 21 aya 8 ta jera waɗanda rabonsu yake tafkin wuta. Jerin ya fara da matsorata, watau masu musun Ubangiji domin su tsira da ransu ko matsayinsu, ya bi ta kan masu kisankai da fasikai da masu sihiri da masu bautar gumaka, ya ƙare da maƙaryata. Mai rubuta rasiɗin ƙarya a ofis, da mai tauye mudu a kasuwa, da mai zuwa wurin boka da dare ya zo sujada da safe, duk su karanta wannan aya da rawar jiki. Idan aka bar zunubi ya shiga birnin, za a sāke rufe ƙofofi, hawaye kuma za su dawo.

To, wa zai tsira, tun da dukanmu mun yi zunubi? Amsar tana cikin sunan da aka fi kiran Yesu da shi a wannan littafi, watau Ɗan Rago. Masu shiga su ne waɗanda suka wanke tufafinsu cikin jininsa (7:14, 22:14). A kasuwar Babila kome da farashinsa, har da ran mutum. A Sabuwar Urushalima ruwan rai kyauta ake ba duk mai jin ƙishi (21:6, 22:17), domin wani ya riga ya biya a kan gicciye. Ya mai karatu, sunanka yana cikin rajistar ikilisiya, kana da katin baftisma, kana biyan zakka. Madalla. Amma ka tuba ka ba da gaskiya ga Ɗan Ragon? Yau ƙofar tana buɗe.

7. ZAMANMU KAFIN RANAR

A shekara ta 410 mayaƙan Got ƙarƙashin Alarik suka shiga Roma suka washe ta. Masu bi da yawa suka ruɗe, suna gani kamar mulkin Allah ne ya faɗi. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ya ɗauki shekaru daga 413 zuwa wajen 426 yana rubuta littafinsa mai suna Birnin Allah domin ya amsa wannan ruɗani. Ya koyar cewa birane biyu suna tafiya a cakuɗe cikin tarihi, ɗaya an kafa shi a kan son kai, ɗayan a kan ƙaunar Allah, na biyun ne kaɗai zai dawwama. Ya rasu a shekara ta 430 sa'ad da abokan gāba suke kewaye da garinsa. Hippo ta faɗi, ikilisiyar Kristi kuwa tana nan. Mu ma a cakuɗe muke zaune da Babila. Ga abubuwa huɗu da wannan bege yake bukata a gare mu.

Na ɗaya, mu yi makoki da bege. Alkawarin share hawaye ya nuna cewa za mu iso da hawaye a fuska. Kada a tsauta wa gwauruwa don ta yi kuka, gama Yesu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru. A zauna da ita, a tuna mata cewa hannun Allah ne da kansa zai share hawayen.

Na biyu, mu yi aiki da aminci. Bayan Bulus ya gama doguwar koyarwarsa a kan tashin matattu, bai sallami Korintiyawa su naɗe hannu ba, ya ce su yawaita cikin aikin Ubangiji domin wahalarsu ba ta banza ba ce (1 Korintiyawa 15:58). Ta bakin Irmiya Allah ya umarci kamammu a Babila su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar garin da suke ciki (Irmiya 29:4-7). Tun da Allah bai yar da halittarsa ba, mu ma kada mu wulakanta ta. Wanda ya sare itace ya dasa wani. Malamin makaranta ya shiga aji a kan lokaci. Ma'aikaciyar asibiti ta duba mara lafiya da tausayi. A sabuwar duniya ma bayin Allah za su yi masa hidima, su kuma yi mulki (22:3-5).

Na uku, mu bar ramuwa a hannun Allah. Rayukan waɗanda aka kashe saboda shaidarsu sun yi kira ga Allah ya yi shari'a, aka kuwa ji su (6:9-11). Neman adalci ta hanyar doka daidai ne, faɗa wa masu mulki gaskiya kuma wajibi ne. Amma saurayin da ya tare hanya ya kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, wai yana rama wa 'yan'uwansa, ya sa kansa cikin jerin 21:8. Mai shari'a yana zuwa, ba ya karɓar toshiya, ba ya kuma mantuwa (Romawa 12:19).

Na huɗu, mu kai gayyata. Ruhu da amarya tare suke kira, wanda ya ji kiran kuma an umarce shi ya kira wani (22:17). Ƙofofin suna duban kowace kusurwa, har da kusurwar waɗanda suka ɓata mana rai. Shawulu mai tsananta wa ikilisiya ya zama Bulus manzo. Kada mu rufe ƙofar da Allah ya bari a buɗe.

KAMMALAWA

Littafi Mai Tsarki ya fara da mutum biyu a gona, ya ƙare da taro mara ƙidayuwa a birni mai kogi da itacen rai a tsakiyarsa. Abin da zunubi ya ƙwace, Ɗan Ragon ya komo da shi har da ƙari. Mai zama a kan kursiyin ya umarci Yohanna ya rubuta domin maganar tabbatacciya ce (21:5). Saboda haka, ƙaunatattu, kada mu ajiye waɗannan surori sai ranar jana'iza. Mu karanta su a sujadar iyali, a taron matasa, a zumuntar mata, a sansanin masu gudun hijira. Mu riƙe bangaskiya, mu tsarkake kanmu, mu ƙaunaci juna, har ranar da za mu ga fuskarsa.

Addu'a: Ya Allah Ubanmu, mun gode maka domin birnin da ka shirya wa masu ƙaunarka. Ka ta'azantar da masu makoki, ka komo da waɗanda aka kora daga gidajensu, ka kawar da kabilanci da ƙiyayya daga zukatanmu. Ka wanke mu da jinin Ɗan Ragon, ka riƙe mu da aminci har ƙarshe. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.